Dillalin Sinadarai da Hayaƙin da Ake Son Mayarwa Haja



Sharhinmu na yau zai fara ne daga ƙarƙashin mota. Duk wanda ya saba zama a garejin makanikai ya ji ana maganar wani abu a jikin salansa da ake kira Indomie. Na taɓa tsayawa a kan wani makanike ya yanka tukunyar wata tsohuwar salansa, ya zaro mini shi. Wani dunƙule ne mai launin toka, mara nauyi, an huhhuda shi da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Idan ka ɗaga shi ka leƙa ta ramukan, sai ka hango hasken rana ta ɗaya gefen. Ba ya juyawa, ba ya shan mai, babu wayar wuta ko ɗaya a jikinsa. Amma masu sayen kayan gwangwan suna biyan kuɗi mai tsoka a kansa, har ya zama abin da ɓarayi suke kwancewa, saboda an shafe cikin ramukan nan da ƙurar wasu ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam.

Aikinsa shi ne, hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, gubar nan da take hallaka mutane idan sun kwana da janareto a rufaffen ɗaki. Da hayaƙin ya bi ta ramukan ya gogi ƙarafan, sai gubar ta haɗu da oksijin ta koma kabon dayoksaid, irin iskar da ni da ku muke fitarwa a numfashi. Mota za ta yi shekaru tana tafiya, ƙarfen yana nan bai ƙare ba. Irin wannan abu shi masana sinadarai suke kira katalis, sunan da ya samo asali daga kalmar da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, ya ƙirƙiro a 1835. Ni kuwa a wannan shiri zan kira shi dillali, domin aikinsu ɗaya. A kara, mai saniya da mai saye za su iya wuni suna kallon juna ba a yi ciniki ba. Dillali ne zai riƙo hannun wannan, ya jawo wancan, a taya, a ce albarka, a ƙara, har a sallama. Saniya ta tafi, kuɗi sun tafi, shi yana nan a inda yake yana jiran ciniki na gaba.

To, dillalin salansa yana haifar da kabon dayoksaid ne. Abin da ɗakunan bincike a faɗin duniya suke nema yanzu shi ne dillalin da zai yi akasin haka, ya kama wannan iska ya mayar da ita man inji, ko roba, ko wani abin amfani. Daga nan zan riƙa ce mata iskar kabon don sauƙi.

Dalilin neman ba ɓoyayye ba ne. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar da ke kewaye da mu, kusan kashi 280 ne iskar kabon. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai a 1958, ta kai kusan 315. Yau ta haura 420. Ƙona kwal da man fetur da gas, haɗe da yin siminti, suna zuba kusan tan biliyan 37 a sama kowace shekara, ita kuma tana riƙe zafin rana kamar bargo. Sai tunani ya zo: tunda fetur da roba da magunguna duk a kan kabon aka gina su, me zai hana a ɗebo kabon daga hayaƙi maimakon a ci gaba da haƙo shi daga ƙasa?

Wahalar tana cikin halin ita iskar. Ƙwayarta ɗaya kabon ne guda a tsakiya, oksijin biyu sun riƙe shi dama da hagu, a miƙe kamar sanda, riƙo mai tsanani. Ita ce abin da ya rage bayan wuta ta gama cin rabonta, tamkar toka a murhu. Duk ƙarfin da ke cikin itace ko fetur ya riga ya fita a matsayin zafi. Shi ya sa ma ake cika tukunyar kashe gobara da ita. A kasuwar sinadarai, ita ce mai kayan da duk tayin da aka yi masa sai ya ce albarka.

Amma tun kafin ɗan Adam ya fara wannan tunani, Allah Ya riga Ya ajiye dillalin a cikin ganye. Sunansa a bakin masana Rubisko, kuma shi ne yake kama iskar kabon a cikin kowane koren tsiro, hasken rana ya biya kuɗin, a samu sukari da sitaci. Tuwon da muka ci jiya da daddare ta hannunsa ya biyo. Abin mamaki, dillali ne mai nawa. Ƙwayar iska 3 zuwa 10 kawai yake iya kamawa a daƙiƙa, alhali akwai wani ɗan'uwansa a cikin jininmu da yake sarrafa kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa. Ga shi da yawan kuskure, yakan kama oksijin a maimakon iskar kabon, musamman idan zafi ya tsananta. Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara da shinkafa da alkama ba su da ita: sukan tattara iskar kabon su cusa ta a wani lungu na ganye inda dillalin yake, ta yadda kusan duk inda ya juya ita zai gani. Hatch da Slack ne suka warware wannan sirri a Ostireliya a 1966, suna bincike a kan rake. Wannan na daga cikin dalilan da gero yake jure ranar da take ƙona wasu amfanin gona. Mu riƙe darasi biyu daga ganye, domin za su dawo mana. Sai an tara iskar wuri guda ciniki yake sauri, kuma ko a ganye ma ba dillali ne yake biyan kuɗi ba, rana ce.

A ɓangaren ɗan Adam, labarin ya fara ne a birnin Tulus na Faransa. Paul Sabatier da abokin aikinsa Senderens sun fara gwaji da garin ƙarfen nikel a 1897, zuwa 1902 suka nuna cewa idan aka bi da iskar kabon da iskar haidirojin ta kan nikel mai zafin digiri 300 zuwa 400, sai a samu ruwa da iskar metan, wato gas ɗin nan da ake kira CNG da wasu motoci suka koma amfani da shi. Sabatier ya samu kyautar Nobel a 1912. Bayan kusan ƙarni guda, a 2010, aka kai na'urar da ke aiki da dabararsa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. A can ruwa ya fi komai daraja, don haka sai na'urar ta riƙa karɓar numfashin 'yan sama jannati tana mayar da shi ruwa, metan ɗin kuma a watsar da shi waje.

Mu sauko ƙasa, mu shiga shagon mai sayar da takin zamani. Buhun uriya mai kilo 50 da manomi yake saya wa masararsa, an yi amfani da kusan kilo 37 na iskar kabon wajen haɗa shi. Ana haɗa ta ne da amoniya, bisa hanyar da Bosch da Meiser suka fito da ita a Jamus a 1922. Wannan mataki na ƙarshe zafi da matsi ne suke yin sa, amma ita amoniyar sai da dillalin baƙin ƙarfe ake samun ta, wanda Alwin Mittasch ya gano bayan ya gwada dubban haɗe-haɗe. Haka ake yi a masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, haka kuma a ta Indorama da ke Eleme. Ƙwayar asfirin ma tana da nata rabon, domin sinadarin da ake yin ta da shi ana haɗa shi ne da iskar kabon, ta hanyar da Kolbe ya fara a 1860. Ke nan mayar da wannan iska kayan amfani ba sabon labari ba ne. Mun daɗe muna watsa ta a gona, muna haɗiyar ta da ruwa idan kai ya yi ciwo.

Inda aka fi zuba ido yanzu shi ne metanol, wani ruwa garai-garai mai kama da wuta, wanda duniya take yin kimanin tan miliyan 100 nasa a shekara, kusan duka daga gas da kwal. Da shi ake yin gam ɗin katako da fenti da robobi, kuma manyan jiragen ruwa sun fara ƙona shi a matsayin mai. Dillalinsa haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da alminiyam, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1966. Idan ka gan shi, 'yan dunƙule ne baƙaƙe kamar ƙwayar magani. Ana cika dogayen bututu da su, a tura iskar kabon da haidirojin a zafin digiri 200 zuwa 300, da matsin da ya ninka na iskar waje sau 50 zuwa 100. A kan fuskar ƙarfen, haidirojin yakan rabe gida biyu, ita kuma sandar nan ta iskar kabon ta manne ta lanƙwashe. Da ta lanƙwashe, riƙon ya yi sako-sako, sai ciniki ya faɗa.

A ƙasar Aisland, a wani wuri da ake kira Svartsengi, akwai masana'antar da ta fara wannan aiki a 2012. An sa mata sunan George Olah, masanin da ya ci Nobel a 1994, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kiran duniya ta koma ga metanol. Bayan an faɗaɗa ta, ta kai ƙarfin yin tan 4,000 a shekara. A 2022 aka buɗe wata a Anyang ta ƙasar Sin da dabarar kamfanin da ya gina ta Aisland, mai ƙarfin tan 110,000. A shekarar dai, a kudancin Chile kusa da Punta Arenas, inda iska take kaɗawa ba hutu, aka fara yin fetur daga metanol irin wannan.

Ku lura da wuraren nan da kyau. Me ya kai masana'anta Aisland, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba? Wutar lantarki ce mai araha daga zafin ƙarƙashin ƙasa da madatsun ruwa. Me ya kai ta ƙarshen Chile? Iskar da ke juya farfela. A Anyang kuwa, haidirojin ne da yake fita a banza daga tandun gasa kwal. A nan ne zancen dillali ya kai inda nake so. Dillali yana gajarta ciniki, amma ko sisi ba ya cirewa daga aljihunsa. Duk ƙarfin da wuta ta fitar lokacin da aka ƙona mai, sai an mayar da shi cif, har da ƙari, kafin toka ta koma itace. Wannan doka ce ta halitta, babu ƙarfen da zai karya ta komai tsadarsa.

Bari mu yi lissafin da yunit ɗin mita, tunda shi muka sani. Tan ɗaya na metanol yana cin kusan kilo 1,400 na iskar kabon da kusan kilo 190 na haidirojin. Idan daga ruwa za a tsago haidirojin ɗin da lantarki, kowane kilo yana shan yunit 50 zuwa 55. Jimla, kusan yunit 10,000 ke nan. Gidan da yake shan yunit 200 a wata zai yi sama da shekara huɗu kafin ya ƙarar da wutar tan ɗaya tak. Idan kuwa daga tashar da ke ƙona kwal aka jawo wutar, hayaƙin da aka tayar ya ninka wanda aka kama sau da dama. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Akwai masu neman hanya mafi kusa, wato a sa lantarki ya yi aikin kai tsaye a cikin ruwa, ba tare da zafi da matsi ba. A 1985 wani masani a Jami'ar Chiba ta Japan, Yoshio Hori, ya riƙa tsoma ƙarafa iri-iri a ruwan da aka narkar da iskar kabon a ciki yana ba su wuta. Zinariya da azurfa suka ba da kabon monoksaid. Kuza ta ba da wani ruwan tsami irin wanda ke cikin harbin tururuwa. Jan ƙarfe kaɗai, irin na cikin wayar wuta, shi ne ya iya ɗaura kabon da kabon har aka samu etilin, uwar ledar da muke zuba kaya a ciki. Sai dai jan ƙarfe dillali ne mai kwaɗayi, ba ya tsayawa a ciniki ɗaya. A 2012 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ƙirga abubuwa 16 daban-daban da suke fitowa daga kansa a lokaci guda, kuma tsince su daga juna wani kashe kuɗin ne. Wani kaso na wutar kuma yakan zurare wajen tsaga ruwa kawai. Shekara 40 ke nan ana fama da yadda za a sa shi ya kama abu ɗaya ya riƙe.

Sannan dillali yana tsufa. A takarda ba ya ƙarewa, amma a cikin tukunya yana gajiya. Ruwan da yake fitowa tare da metanol yana sa ƙurar jan ƙarfen ta dunƙule ta yi gudaji, kamar garin da aka zuba a tukunya ba a tuƙa ba, fuskar da iska za ta taɓa ta ragu. Ɗan ƙibiritu kaɗan a cikin hayaƙi ya isa ya kashe shi, kamar yadda gurɓataccen mai yake kashe na salansa. Don haka idan kun ji labarin an gano sabon katalis da zai ceci duniya, ku tambaya awa nawa ya yi yana aiki. Da yawa kwana ɗaya ko biyu ne a kan faifan da bai fi tafin hannu ba, alhali masana'anta tana son wanda zai yi shekaru ba a taɓa shi ba.

Ga kuma wahalar tara iskar. Kashi 420 cikin miliyan yana nufin idan ka zube ƙwayar gero 10,000 a faifai, huɗu ne kacal abin da kake nema. Tsince su daga sararin sama yana cin wuta mai yawa. Shi ya sa masu hankali suke zuwa bakin bututun masana'anta inda take da kauri, kamar dai dabarar ganyen gero. Masana'antar siminti ce ta fi dacewa da wannan, irin na Obajana da Ashaka da Kalambaina da Malbaza, domin dutsen farar ƙasa da kansa yana sakin iskar kabon idan aka gasa shi, ko da wane irin makamashi aka hura tandun.

Tambaya ta ƙarshe ita ce, ina kabon ɗin yake zuwa daga baya? Uriyar da aka watsa a gona takan saki tata iskar cikin 'yan kwanaki. Metanol da aka ƙona a jirgi ya mayar da tasa sama nan take. An dai ci moriyar kabon ɗin sau biyu, kuma an rage haƙo sabo, wannan riba ce ta gaske. Amma ba a binne shi ba. Wanda aka saka a cikin roba ko kankare ne yake daɗewa a ɗaure. Girman abin ma ya kamata mu sani. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa duk iskar kabon da ake amfani da ita a duniya kusan tan miliyan 230 ce a shekara, miliyan 130 a uriya, mafi yawan sauran kuma ana tura ta ne cikin rijiyoyin mai don a tatso ƙarin ɗanyen mai. Ku ɗora wannan a kan biliyan 37. Bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba.

Ra'ayina a nan shi ne, binciken ya cancanci a ci gaba da shi da gaske. Akwai abubuwan da batir ba zai ɗauka ba nan kusa, kamar jirgin sama mai tsallaka teku da jirgin ruwan dakon kaya, kuma ko an daina ƙona fetur gobe, za a ci gaba da buƙatar kabon don yin magani da roba da taki. A irin waɗannan wurare dillalin sinadarai zai yi rana. Su ma masu binciken suna ta nuna abin da zai yiwu. A 2021, a birnin Tianjin na Sin, an haɗa sitaci daga iskar kabon a matakai 11 ba tare da ganye ko gona ba, ko da yake a ɗakin gwaji ne kuma ɗan kaɗan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da wannan bincike uzurin ci gaba da ƙone-ƙone, a ce ai za a kwashe hayaƙin daga baya. Wannan tufka da warwara ce.

Mu kuma da muke da rana har ta yi mana yawa, wata rana za a zo mana da tayin shimfiɗa faifan sola a filayenmu don yin irin wannan mai a kai ƙasashen waje. Kafin a sallama, a yi lissafi. Yunit ɗin da ya kashe janareto a asibitin karkara, ko ya ɗago ruwa a fadama, ya hana hayaƙi fiye da yunit ɗin da aka kashe wajen mayar da hayaƙi mai. Kowane kilo na haidirojin kuma yana shan aƙalla lita 9 na tsabtataccen ruwa, a yankin da mata suke tafiya mai nisa da jarka. Ɗalibanmu na sashen kimiyyar sinadarai su shiga fagen, domin jan ƙarfe da tutiya da nikel ba su fi ƙarfin ɗakin gwajin jami'a ba. Shugabanni kuma, idan an kawo musu tayin, su yi irin tambayar da kowane mai saniya yake yi wa dillali kafin ya saki igiya: wa zai biya, kuma da wane kuɗi?